Na mayar da fayilolin BAM zuwa CRAM, yanzu sun ƙi buɗuwa

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Kwana uku ke nan ina fama da wannan abu, kaina ya kulle.

A ɗakin bincikenmu akwai bayanan cikakken jerin ƙwayoyin gado na mutum 40, kowane BAM (fayil ɗin jerin ƙwayoyin gado da aka daidaita da jerin ma'auni, wato reference) ya kusa gigabait 100. Ma'ajiya ta cika, sai na mayar da su CRAM (matsattsen tsari mai dogaro da jerin ma'auni wajen buɗuwa) da manhajar samtools, na goge na asali. Gaggawa ce ta ja min, na yarda.

Yanzu duk wanda na buɗe, samtools sai ya ce lambar MD5 (lambar tantance jeri) ta jerin ma'aunin da na ba shi ba ta yi daidai ba. Na gwada jerin ma'auni na hg19, na gwada GRCh37 na rumbun bayanan Ensembl. Sai daga baya na lura ashe ba ɗaya ba ne: a sunan kromosom hg19 yana rubuta chr1, na Ensembl 1 kawai, kuma jerin mitokondiriyarsu ya bambanta. Wanda ya daidaita bayanan tun farko ya bar aiki, bai rubuta wanne ya ɗauka ba.

Kan fayil ɗin (header) yana buɗuwa, ina ganin lambobin M5, wato MD5 ɗin, a layukan @SQ masu bayanin jerin ma'auni. Don Allah, ta yaya zan bi su in gano ainihin FASTA ɗin, wato fayil ɗin jerin ma'aunin? FASTQ, wato ɗanyen bayanan kafin daidaitawa, na nan, amma sake daidaitawa zai ci makonni.