Gwajin ɗanɗano da takardar PTC, ina neman shawara

Hauwa_aji4:
Assalamu alaikum. Aikina na kammala digiri a kan ɗanɗanon ɗaci ne, malamina ya ce in yi amfani da takardar PTC, wato takardar da aka jiƙa da sinadarin PTC (phenylthiocarbamide) don gwajin jin ɗaci. Da muka gwada a ɗakin gwaji, ƙawata ta ɓata fuska ta ruga neman ruwa, ni kuwa takarda zalla na ji. Harshena ne ya samu matsala? Kuma a jikin kwalbar garin an rubuta guba ne, ya zan sa wa ɗalibai a baki?

Malam_Lab:
Wa alaikumus salam. Harshenki lafiya lau, 'yata, gado ne. Haka aka gano abin a 1931: garin PTC ya tashi a ɗakin gwajin Arthur Fox na kamfanin DuPont a Amurka, abokin aikinsa ya yi ta ƙorafin ɗaci, shi Fox bai ji komai ba. Sai a 2003 aka gano ƙwayar gadon da ke da alhakin haka, TAS2R38. Mai nau'inta da ake kira PAV yana jin ɗacin, wanda ya gaji nau'in AVI daga uwa da uba ba ya ji.

Garin guba ne da gaske, kada ki jiƙa takarda da kanki. Ki sayi haɗaɗɗiya, abin da ke jikinta kaɗan ne ƙwarai, a ɗora a harshe a tofar. Da ni ne ma, PROP zan ɗauka, wani sinadarin gwajin ɗaci makamancin PTC. Masu bincike da yawa sun koma kansa, Linda Bartoshuk da shi ta yi aikinta kan masu tsananin jin ɗaci. Sai dai PROP maganin ciwon maƙoƙo ne mai rage aikin tayirod (wata gaɓa da ke cikin wuya), don haka ki cire masu juna biyu da masu wannan ciwon. Kuma sai kwamitin ɗa'ar bincike ya sa hannu.

Sani_Pharm:
Ki fara ba kowa farar takarda marar magani, kada ki faɗa masa. Za ki sha mamakin masu cewa "kai, da ɗaci!" don sun ga na kusa da su ya yamutsa fuska. Ɗaiɗai za ki riƙa shigo da su. Wanda ya ci goro ko ya sha shayi ya kuskure baki ya dakata tukuna.

Hauwa_aji4:
Na gode ƙwarai. To amma Malam, ni fa ko kwinin ba na iya haɗiya saboda ɗaci.

Malam_Lab:
Ai hanyarsu daban. Ɗan Adam na da masu karɓar ɗaci kusan iri 25, PTC ɗaya kawai yake gwadawa, kada ki rubuta cewa kin auna jin ɗaci gaba ɗaya. Ki kuma duba kalanda, kada ranar gwajin ta faɗo cikin azumi.