Wa ya ce a buɗe wa baƙi kasuwarmu?

Tsohon Ma'aikacin Masaƙa: Assalamu alaikum. Yau raina a ɓace yake. Na ji wani ɗan majalisa a rediyo yana ta yabon yarjejeniyar ciniki maras shinge ta Afirka, wato AfCFTA, wai arziki za ta kawo mana. Arzikin wa? A Kakuri na ƙarar da ƙuruciyata ina aikin masaƙa, a kan idona aka garƙame ƙofa aka sallame mu. A 2018 ƙasashe 44 suka sa hannu a Kigali, Buhari ya ƙi zuwa saboda ƙungiyar ƙwadago da masu masana'antu sun ce a dakata. Yuli 2019 sai ga shi a Yamai ya rattaba hannu. Me ya canza? Wuta ce ta samu? An ce za a janye haraji kan kashi 90 cikin ɗari na kaya. Mai ƙona dizal a Sharaɗa ina zai iya ja da masana'antun Masar da Afirka ta Kudu? An buɗe wa baƙi ƙofa su cinye mana kasuwa, shi ke nan. Duk ɗan siyasar da ya goyi bayan wannan kada ya zo neman ƙuri'ata.

Na Maraɗi: Baba, Allah ya huci zuciyarka. Amma su wa kake kira baƙi?

Ɗan Kwari: Duk wanda ba ɗan Najeriya ba mana. Ai a fili take.

Na Maraɗi: To ni ke nan? Sarkinmu har gobe Sarkin Katsinan Maraɗi ake ce masa. Kakanninmu daga Katsina suka taso lokacin jihadi. Rabin dangina suna Jibiya. Bature ya ja layi tsakaninmu, yau kai kuma ka ce min baƙo?

Ɗan Kwari: Malam, in ba baƙo ba ne kai, me ya sa kuɗinka sefa nawa naira? Ka zo Kwari da sefa ka ga ko ba sai ka bi ta Wapa ba.

Hajiya Mai Atamfa: Haba Alhaji, ka ji tsoron Allah. Da ba don 'yan Nijar da Chadi da Kamaru ba, wa zai kwashe dilolin da kuke jibgewa? In sun zo saye 'yan'uwa ne, in za su sayar sun zama baƙi?

Na Maraɗi: Allah ya saka, Hajiya. Kuma a tuna 2023, da aka yi juyin mulki aka yanke mana wuta aka rufe iyaka. Albasa ta ruɓe cikin motoci. Nan muka gane matsayinmu a wurinku.

Matashin Daura: Kada ka haɗa mu da wannan, ba Baba Buhari ne ya yi ba. Shi titin jirgin ƙasa ya ɗauko daga Kano zuwa Maraɗi, aka yi ta zaginsa wai yana yi wa danginsa aiki.

Ɗan Kwari: Buharin da ya sa hannu a Yuli ya rufe boda a Agusta? Sai Disamba 2020 aka buɗe Illela da Maigatari da Seme. Mutane nawa suka karye a tsakanin nan? Ku daina wanke shi.

Matashin Daura: Noman shinkafa ya kare. Ku da kuka yi shekara 16 kuna mulki me kuka kare?

Ɗan Kwari: Ni ba ɗan jam'iyyar kowa ba ne. Yaro, iya bakinka.

Malama Daga Zariya: Don Allah mu koma kan maganar Baba. Akwai ƙa'idar asalin kaya a cikin yarjejeniyar: sai abin da aka noma ko aka sarrafa a Afirka ne zai samu rangwamen. Shinkafar Tailan da aka sauke a Kwatano ba ta zama 'yar Benin don an sauya mata buhu. Sannan an bar wa kowace ƙasa kashi 3 cikin ɗari na kaya ta hana taɓa harajinsu, kashi 7 kuma a janye sannu a hankali. Masaƙun Kaduna ma sun durƙushe tun kafin a fara wannan ciniki a Janairu 2021. Rashin wuta da yadin fasa-ƙwauri daga Sin ne suka kashe su. Tsoron Baba yana da tushe, amma a kan kwastan ya kamata mu matsa.

Ɗan Zango Kumasi: Ku da kuke faɗa kan baƙi, ku zo nan ku gani. Hedikwatar yarjejeniyar tana Accra, amma an sha rufe shagunan 'yan Najeriya, don a lokacin dokar Ghana ta ce baƙo sai ya zuba dala miliyan ɗaya kafin ya yi kasuwanci. Mu kuwa a nan aka haifi kakana, har yanzu wasu tambayarmu suke daga ina muka zo.

Matashin Daura: Ai ramuwa ce, mu ma mun kore su a 1983.

Ɗan Zango Kumasi: Su suka fara a 1969, ka tambayi manya.

Hajiya Mai Atamfa: Wani ɗan'uwana direba ya ce min daga Legas zuwa Accra shingen jami'ai ya fi ƙarfin lissafi. Wace yarjejeniya kuma?

Na Maraɗi: Ni dai har yanzu Alhaji bai janye kalmarsa ba.

Ɗan Kwari: Ba ni na fara faɗa ba, kuma ba zan janye ba.

Shugaban Zaure: Jama'a dare ya yi. Abin da na fahimta: kowa ya yarda 'yan Nijar 'yan'uwanmu ne, Alhaji ya yi kuskure. An kuma tabbatar marigayi Buhari ya yi hangen nesa, ya tsaya ya saurari jama'a kafin ya sa hannu, rufe boda kuma don talaka ya yi. Malama ta nuna yarjejeniyar ba ta da wata illa. Baba ka yi haƙuri.

Malama Daga Zariya: Ranka ya daɗe, ban ce ba ta da illa ba. In kwastan ba su tantance asalin kaya ba, yadin Sin zai shigo da tambarin Afirka, kuma ba haraji.

Ɗan Kwari: Wa ya tabbatar da hangen nesan? Kai da yaron Daura? A goge wannan bayani ko na fita daga zauren.

Shugaban Zaure: Ba zan goge ba. Na rufe magana sai da safe.