Ƙaramin kaktus ɗina ya ƙi yin fure, gindinsa kuma ya fara laushi

Uwargida daga Kano:
Assalamu alaikum. Shekara biyu ke nan da na sayi ɗan kaktus, wato tsiron nan mai ƙaya da ke tara ruwa a jikinsa, mai suna Rebutia minuscula a wurin masu sayar da furanni, a lokacin yana ɗauke da jajayen furanni uku da suka fito ta gindinsa. Tun da suka bushe bai sake yin ko ɗaya ba, sai 'ya'ya huɗu da ya fitar a kewayensa. Girmansa bai wuce lemun tsami ba, yana zaune a kan tagar falo, kuma duk Juma'a nake ba shi ruwa, rani da damina. Jiya na taɓa shi na ji gefe guda ya yi laushi, wurin ya koma ruwan ƙasa. Don Allah ina na kuskure, kuma ko zai tashi?

Mai lambu daga Jos:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Ruwan Juma'ar nan shi ne ya jawo matsalolin biyu. Asalin wannan tsiro tsaunukan Andes ne na arewacin Ajantina, inda yake shafe watannin sanyi ba tare da ruwa ba, kuma wannan hutun cikin sanyi da bushewa shi ke sa ya ɗauki fure daga baya. Idan ana shayar da shi duk shekara ba ya samun hutun, saiwarsa kuma tana kwana cikin laima har ta ruɓe. Ki tuge shi yau, ki karkaɗe ƙasar, ki yanke duk inda ya yi laushi da wuƙa mai tsabta har sai kin kai ga tsoka mai ƙarfi wadda ba ta da tabo. Idan ruɓar ta kai tsakiya, ki haƙura da uwar, ki ɓalle 'ya'yan nan huɗu, ki ajiye su a inuwa mako guda bakin yankan ya bushe kafin ki dasa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ni ba na ba nawa ko ɗigo, ko da na ga sun ɗan yamutse.

Malami daga Zariya:
Hajiya, ina ƙara magana kan ƙasa da wurin ajiya, domin sanyin da Jos take ba mai lambu kyauta, ke a Kano sai kin nema. Sanyin hunturu yana yi masa amfani, saboda haka ki fitar da shi baranda ya sha sanyin dare. Amma daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ranar safe kaɗai ta ishe shi, domin ta azahar tana ƙona fatarsa. Ki samo ƙaramar tukunyar ƙasa mai huda a gindi, ki haɗa yashin rafi mai kauri da ƙananan tsakuwa, ƙasar lambu kuwa kada ta wuce kashi ɗaya cikin uku. Da damina ki kawar da shi daga inda ruwan indararo zai same shi.

Uwargida daga Kano:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Na tuge shi ɗazu, na tarar robar da yake ciki ba ta da huda ko ɗaya, ƙasar ta cuɗe kamar taɓo, saiwoyin kuma sun yi baƙi. Uwar ta tafi, amma uku daga cikin 'ya'yan suna nan da ƙarfinsu, na jera su a kan faifai a inuwa. Bayan na dasa su, kwana nawa zan jira kafin ruwan farko?