Muhawara: Mississauga ta yi kuskure da ta buɗe wa shagunan wiwi ƙofa?

Maman Ilham: Salamu alaikum jama'a. Ni har gobe ina kan bakana, majalisar birnin Mississauga da ke lardin Ontariyo na Kanada ta tafka kuskure a watan Afrilun 2023 da ta janye haramcin shagunan tabar wiwi. Sama da shekara huɗu muna zaune lafiya babu su. Yanzu ga shi an buɗe ɗaya a layin shagunan da muke sayen nama, ƙofa biyu tsakaninsa da inda yara ke zuwa Islamiyya ranar Asabar.

Bashir: Wa alaikumus salam Anti. A gafarce ni, amma wannan "babu su" ɗin a takarda ne kawai. Ni da nake tuƙin dare na sani. Mutum ya tsallaka Etobicoke ko Brampton cikin 'yan mintuna ya sayo abinsa. Tun Maris ɗin 2022 ma aka tabbatar wa shaguna masu lasisi izinin kai kaya har gida. Ban da 'yan bayan fage da ke kawowa a mota, waɗanda ba su tambayar shekarun kowa.

Alhaji Garba: Abin da ke bugarwa haramun ne, da lasisi ko babu lasisi. Ban ga abin muhawara ba.

Bashir: Babu mai jayayya da hukuncin, Alhaji. Tsarin garin da muke ciki ake magana.

Zainab: Anti, haushin naki ya sauka a inda bai dace ba. Kanada ta halatta wiwi ranar 17 ga Oktoban 2018. Gwamnatin Ontariyo ta ba ƙananan hukumomi zuwa 22 ga Janairun 2019 su ce e ko a'a kan buɗe shagunan wiwi a garuruwansu. Iyakar ikon da aka ba su ke nan. Garin da ya ce e, ba shi da damar ƙayyade yawan shaguna, ba shi da damar ware musu unguwa, ba shi da damar ba da nasa lasisin, kuma ba zai iya dawowa ya ce ya fasa ba. Hukumar AGCO ta lardi, mai kula da lasisin giya da caca da wiwi, ita ce ke yanke komai. Tazarar da doka ta sani ita ce mita 150 daga makaranta, makarantar ma wadda Dokar Ilimi ta sani. Islamiyyar ƙarshen mako da ake yi a shagon haya ba ta cikin lissafi, masallaci ma haka.

Maman Ilham: To ai kin ƙara ƙarfafa maganata. Tun da sun san babu komawa baya, me ya kai su?

Zainab: Birni mai mutum sama da dubu 700, kuma shagunan da ba su da lasisi suna ta buɗewa duk da haramcin. Ki tuna abin da Toronto ta yi a 2019, har manyan tubalan kankare aka jibge a ƙofar irin waɗannan shaguna, masu su suka koma sayarwa a bakin titi.

Nura Akanta: Bari in shigo ta ɓangaren da nake gani a littafin ciniki, don na riƙe wa ƙananan 'yan kasuwa lissafi, har da masu wannan sana'a. Mutane na ɗauka kuɗi suke kwasa da shebur. A 2019 haka ne, lokacin da aka yi ƙuri'a aka ba shaguna 25 kacal izini a duk faɗin lardin, layi har waje. Da aka soke ƙuri'ar aka saki kasuwa a farkon 2020, kafin ƙarshen 2021 shaguna sun haura dubu. Ku bi titin Queen West na Toronto a ƙafa ku ƙirga da idonku.

Matsalar ita ce dukkansu wuri ɗaya suke sari. Ontario Cannabis Store, kamfanin gwamnatin lardi, shi ne kaɗai dillalin da doka ta yarda da shi, kaya iri ɗaya, farashi ɗaya. Dokar tarayya ta ɗaure talla, kwalin kayan ma babu ado. To da me za ka ja mai saye idan maƙwabcinka na da abin da kake da shi? Sai karya farashi. Mutum ya biya dala 6,000 na lasisin gudanarwa, dala 4,000 na izinin shago, ya sa hannu a hayar shekara biyar, ya kafa kyamarori da ma'ajiya mai tsaro, wata uku da buɗewa wani ya buɗe a tsallaken titi. Babu ofishin da zai kai kuka, don birnin ba shi da ta cewa. Babban kamfani mai rassa da yawa zai jure asara na shekara biyu. Mai shago ɗaya da ya zuba kuɗin fanshonsa ba zai iya ba.

Alhaji Garba: Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa. Ba zan yi masa kuka ba.

Nura Akanta: Ban ce a yi masa kuka ba, ranka ya daɗe. Abin da nake nunawa shi ne, abin da ke damun Maman Ilham da abin da ke karya mai ƙaramin shago abu ɗaya ne: cunkoso. Da lardi ya bar birane su sa tazara tsakanin shago da shago, da an rage wa kowa zafi.

Maman Ilham: Ni ba ruwana da ribarsu. Yarona ɗan shekara goma sha uku ya tambaye ni me ya sa gilashin shagon a rufe yake ruf, ba a ganin ciki. Rufin ma shi ya fi jan hankalinsa.

Bashir: Wannan ma doka ce ta jawo, an ce kada yara su hango kayan daga waje. Masu shagunan ba sa so, don ɗan fashi na shiga babu mai ganin abin da ke faruwa. Shi ya sa gwamnatin lardin Alberta ta cire sharaɗin a 2022.

Zainab: Akwai ƙofa ɗaya da ta rage wa mazauna unguwa. Kafin a ba da izini ana manna sanarwa a jikin shagon na kwana 15, kowa na iya rubuta wa AGCO ƙorafi. Amma sai ya shafi lafiyar jama'a da tsaro, ko kare matasa, ko hana haramtacciyar kasuwa. "Sun yi mana yawa" ba hujja ba ce a wurinsu.

Maman Ilham: Kwana 15, a takardar da sai ka tsaya ka karanta. Mu ba mu ma lura ba sai da allo ya hau.

Nura Akanta: Shi ya sa nake cewa a ba birni ikon ƙayyade adadi.

Bashir: Nan kuma zan saɓa maka, Yaya Nura. Tazara na yarda, adadi a'a. Ranar da aka ce shago 40 ne kawai a gari, takardar izinin ta zama kadara, kamar lambar tasi ta Toronto kafin zuwan Uber. Mun gani a 2019: da yawa cikin waɗanda suka ci ƙuri'a ba su daɗe ba suka ƙulla yarjejeniya da manyan kamfanoni, sunan kamfanin ne ya hau allon. Mai ƙaramin shagon da kake son cetowa shi zai fara sayar da tasa takardar.