Soson teku dabba ce: ta yaya zan nuna wa ɗalibai a aji?

Malamin SVT, Tawa

Assalamu alaikum. Ina koyar da SVT, wato kimiyyar halittu da ta ƙasa, a wani lise (babbar sakandare) a nan Tawa, mun iso darasin rabe-raben dabbobi. Soson da yara suka sani shi ne na tsiron nan mai yaɗo a kan danga, sai kuma na roba, shi ya sa ba sa yarda cewa soson teku dabba ce. Yaya yake ci, yaya yake numfashi, ba baki ba ciki? Me zan iya nuna musu da mikroskop ɗaya da muke da shi?

Malama A., Yamai

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ɗauki soso guda ka gina darasin a kansa. Wanda ya fi dacewa shi ne Xestospongia muta na duwatsun murjani a tekun Karibiyan, mai siffar randa, jikinsa ja-ja da kaushi. Yana manne da dutse tun daga zurfin mita 10 zuwa ƙasa, babbansa kan zarce mita 1. Girmansa a hankali yake, har masana sun kiyasta cewa wani da aka gani a tsibirin Kurasawo ya haura shekara 2,000. Ɗan'uwansa Xestospongia testudinaria yana Bahar Maliya da tekun Indiya.

Ruwa shi ne komai nasa. Bangon jikinsa cike yake da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani. Ruwa na shiga ta nan, ya bi magudanai zuwa wasu ɗakuna da aka jere da ƙwayoyin halitta masu ɗan gashi guda mai kaɗawa. Kaɗawar nan ce ke jan ruwan, kuma a gindin gashin akwai wata 'yar raga mai kama bakteriya da ɓarɓashin abinci. Kowace ƙwaya ita ke narkar da abin da ta kama, a cikin ruwan kuma take ɗaukar iskar oksijin. Ruwan da aka tace ya fita ta babban bakin da ke sama. Ka jaddada musu wannan, don nan ɗalibai ke yawan kuskure: babban bakin mafita ce, ba mashiga ba. A rana guda soso kan tace ruwan da ya ninka girmansa sau dubbai.

Hujjar cewa dabba ce: ba ya haɗa abincinsa da hasken rana, ƙwayoyinsa ba su da bango irin na tsiro, yana yin ƙwai da maniyyi, tsutsarsa kuma tana iyo kafin ta manne. Jan launin ma ba nasa ba ne, na wasu bakteriya ne masu amfani da haske da ke zaune a jikinsa. Abin da ke kashe shi laka ce mai toshe ƙofofin, da fitar da shi sarari, don iska kan maƙale a magudanai ruwa ya daina gudu.

Ma'aikacin labo, Yamai

Malam, abin nunawa shi ne ƙashinsa, wato 'yan allurai na silika (sinadarin da ke cikin yashi da gilashi) da ba su kai rabin milimita ba. Ka yanki guntun soson teku na milimita 3 zuwa 5, ka sa a ƙaramar kwalba, ka zuba ruwan javel (bilic) ya rufe shi. Bayan minti 30 zuwa awa 1 naman zai narke. Ka bar shi ya kwanta minti 15, ka zuƙe na sama da sirinji, ka zuba ruwa mai tsabta, ka sake bari ya kwanta. A yi haka sau 3, na ƙarshe da alkol. Ɗigo ɗaya a kan gilashi, ya bushe, a duba da ƙarin girma sau 100.

Wanda ya tuttular da ruwan kafin ya kwanta ya zubar da alluran ke nan. Wanda bai ɗauraye sosai ba, gishirin javel zai daskare ya rufe komai. A sa safar hannu, alluran na sa ƙaiƙayi.

Malamin SVT, Tawa

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Soson teku na wanka da ake kawowa wasu kantuna zai yi?

Ma'aikacin labo, Yamai

Ba zai yi ba, Malam. Na wanka, irin su Spongia officinalis na Bahar Rum, ba shi da allurai sam, shi ya sa yake da laushi. Ƙashinsa zaren furotin ne, javel zai cinye shi ka tarar da 'yan ƙwayoyin rairayi kawai. Amma yana da nasa amfanin: ka yanka shi siriri, ka jiƙa, su ga saƙar zaren. Sai ka ƙona guntaye uku. Na teku ƙaurin gashi yake yi, na tsiro ƙaurin ciyawa, na roba narkewa yake yana ɗiga.

Malam I., Yamai

Ba sai an kai teku ba. Cikin nau'o'in soso fiye da 9,000 da aka sani, sama da 200 na ruwan daɗi ne, kuma akwai su a koguna da tabkunan Afirka, da alluransu na silika. Lokacin nema shi ne sa'ad da ruwa ya janye, a kogin Isa (kogin Neja) wajen Mayu zuwa Yuni. A duba ƙarƙashin duwatsu da rassan da suka daɗe a nutse, a nemi ɓawo mai kaushi, toka-toka ko ruwan ƙasa, mai ƙananan huji. Ku da ke Tawa ku gwada itatuwan bakin tabkin Tabalak, masunta za su nuna muku inda ruwa ya tsaya a baya. Idan ka ga ƙwallaye masu kamar rabin milimita a gindin ɓawon, kada ka sa su a javel. Da su soson ke tsallake rani. Ka sa kaɗan a faranti da ruwan tabkin, a inuwa, kada a girgiza. In suna da rai, cikin mako ɗaya zuwa biyu farin tabo zai bayyana a kewayensu, sabon soso ke nan.