Don Allah a ina zan kai yarana su koyi iyo a Kano?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa, don Allah a ɓoye sunana. Yarana biyu, namiji shekara 6, mace shekara 3. Ranar Asabar mun je gaida surukata. Dama tun ƙaramar salla rabona da gidan, saboda 'yar tsamar da ke tsakanina da faccalata, ranar ma ita ta tsare ni a kicin wai in taya ta tuƙa tuwo, yara suka fice da nata. Akwai kududdufi a bayan layin, damina ta cika shi taf. Silifas ɗin yarona ne ya faɗa, ya bi shi. Wani mai wankin babur ne ya fizgo shi ta wuyan riga. Aka kawo min shi da gansakuka har cikin kunne, ko kuka bai yi ba, sai kallona yake. Yau kwana 4 ba na barcin kirki. Na tambaya a otal biyu, kuɗin wata ɗaya ya kusa kuɗin makarantarsa na zango, masu koyarwar duk maza, ga manya na wanka a wurin. Ina zan samu mace mai koyarwa? Kuma 'yar shekara 3 ta isa?

Hajiya Yaya: Ƙanwata, yi sadaka ki gode wa Allah, amma zancen iyo ki bar shi. Gwanin iyo shi ruwa ke ci. Yanzu yana tsoron ruwa, tsoron nan shi zai tsare miki shi. Kina koya masa, gobe zai ja abokai sai Challawa. Ni 7 na raina, da hani da addu'a na raine su.

Maman Hanif: Hajiya ki yi haƙuri, ban yarda ba. A Yawuri na tashi, tun muna ƙanana muke shiga kogi. Ki tuna jirgin da ya kife a Bagwai a 2021, yawancinsu 'yan Islamiyya ne za su mauludi. Ba wasa ya kai su ruwa ba.

Hajiya Yaya: Wancan lodi ne ya yi yawa, kuma kwana ne ya ƙare. Ko sarkin ruwa ne a ciki sai abin da Allah ya yi.

Anti Nas: 'Yar uwa, kin kai shi asibiti? Duk yaron da ya shaƙi ruwa a duba ƙirjinsa. Ki kuma sa ido a fitsarinsa nan da wasu makonni ko watanni, ruwan kududdufi na sa tsargiya. Namijin ya isa koyo, a fara masa da kwanciya rigingine a kan ruwa. Ita ƙaramar ko ta koya, kada ta yi nisan da hannunki ba zai kai ba. 'Yan shekara 1 zuwa 4 ruwa ya fi ci, sau da yawa a cikin gida: baho, durom, rijiya. Kuma shiru suke nutsewa, ba ihu. Robar hannun nan da ake hurawa ba ta ceton rai, sai rigar hana nutsewa ta gaske.

Mai tambaya: Ban kai shi ba Anti. A wurin aka danna masa ciki ya amayar, yanzu lafiya lau yake cin abinci. Kuma ni ba sakaci na yi ba, aiki aka sa ni.

Anti Nas: Ba wanda ya ce kin yi sakaci. Amma danna cikin nan kuskure ne, amai na iya komawa huhu. Wanda ba ya numfashi, hura masa iska ake a baki ana danna ƙirji.

Ummu Sumayya: Ni rijiyar gidan hayarmu ce ta hana ni sakat. Shekara 2 ina roƙon mai gidan ya sa murfi, kullum sai gobe. Tsohon kwanon rufi na ɗora na danne da bulo.

Hajiya Yaya: To kun ji. A rufe rijiya, a tsare yara a gida, magana ta ƙare. Wai ma babansu ya amince da zuwa otal ɗin?

Mai tambaya: Bai ma san abin ya faru ba, yana Legas, in ya ji zai hana ni zuwa ko'ina da su. Hajiya, ba zan iya kulle yaro a ɗaki har ya girma ba. Har yanzu ba wadda ta faɗa min inda zan samu malamar.

Maman Hanif: Bari in tambayi wata maƙwabciyata, kamar ta taɓa kai nata.