Aska ce ko wuƙa? Tsohon sunan 'yar wuƙar da ake naɗewa

Ɗan Kurmi: Assalamu alaikum. Dattawa kan kira 'yar wuƙar nan ta aljihu, wadda bakinta ke komawa cikin ƙota, da suna aska. Yaran yanzu kuwa da ka ce aska sai wanzami ya faɗo musu a rai. Masana, ina aska ta tsaya, ina wuƙa ta fara?

Ɗan Wanzam: Wa alaikumus salam. A wurinmu ba naɗewa ce ke sa a ce aska ba, sirantar baki ce. Zabira ba ta rasa asake iri-iri: akwai ta aski mai faɗi, akwai 'yar ƙarama mai tsini ta tsagar ƙaho da zanen fuska, akwai ta kaciya. Shi ya sa zanen ma ake ce masa aska, ka ji an ce wane askar Gobirawa gare shi. Askar aski mai naɗewa ba ta da sifirin, wato ƙarfen da ke danne baki, ba ta da makulli, yatsunka ne ke riƙe ta a buɗe. Don haka kada a sa ta a itace ko igiya: ko ta rufe a kan yatsa, ko bakin ya yi giɓi. Wajen wasa ta, a kwantar da ita gaba ɗaya a kan dutse mai laushi, baya da baki duk su taɓa, a tura baki a gaba. In an zo kan fatar da ake wasa aska da ita sai a juya, baya ya riƙa shiga gaba. Wanda ya tura baki a kan fata zai yanke fatar, kaifin ma ya tafi.

Gardi: Gaskiya ne, Malam, amma a tsangaya ma da askarmu, ta fiƙe alƙalami, kuma ita ce dai 'yar mai naɗewar da ake tambaya. Ana samun busasshen karan gamba, tsawon taƙi guda. A yi masa yanka ɗaya a karkace, a kankare ɓargon cikin, a rage gefe da gefe har bakin ya kai faɗin da ake son harafi ya fito. Sai tsaga a tsakiya, 'yar gajeruwa. In ta yi tsawo tawada za ta zubo ta ɓata allo, in babu ita kuwa sai alƙalamin ya riƙa ƙin rubutu. A ƙarshe a ɗora bakin a kan katako a datse shi da dannawa ɗaya. Dakusasshiyar aska murƙushe kara take yi, rubutu ya fito da gashi-gashi. Turawan Ingila ma da alƙalami suka raɗa wa tasu suna, don da ita suke fiƙe gashin tsuntsun da suke rubutu da shi.

Maƙeri: Allah ya gafarta Malam, bari in ƙara daga ɓangaren ƙira. Mai naɗewa ta aljihu sassanta huɗu ne: ruwan wuƙar, ƙota, ƙusar da ruwan ke juyawa a kai, da sifirin da ke kwance a bayan ƙota yana danne gindin ruwan. Kusan duk matsalarta daga ƙusar nan take. In baki ya fara girgiɗi, a rufe ta, a ɗora kan ƙusar a kan uwar maƙera, a buga da ƙaramar guduma sau biyu ko uku, a gwada, a ƙara in da buƙata. Mai gaggawa kan buga da ƙarfi, ta cije, farce ya kasa buɗe ta. In kuma tsini ya fara leƙowa bayan an rufe, yawan washi ne ya cinye bakin, sai a rage tsinin ta baya da magagari, in ba haka ba aljihu da cinya za su ji a jikinsu. Man da za a sa mata kuwa na keken ɗinki, ɗigo ɗaya. Man gyaɗa daskarewa yake yi ya kama ƙura. Kuma ita ba a kwantar da ita a dutse kamar ta wanzami, ana ɗaga bayanta kamar digiri 20.

Na Maraɗi: Sannunku da ƙoƙari. Cikin na kanti da suka daɗe a hannun mutane akwai biyu. Douk-Douk, ƙirar garin Thiers na Faransa tun 1929: ƙotarta falle ne na ƙarfe aka lanƙwasa, sifirinta da ƙarfi, ba makulli. Akwai samfurinta mai suna El Baraka da aka zana wa tambarin Agadas a jiki. Sai Okapi, wadda aka fara yi a Solingen ta Jamus a 1902, ƙirar ta koma Afirka ta Kudu a 1988. Ita ƙotar itace ce, da zobe a baya, sai ka ja zoben makullin ke saki. Kada a danne baki da ƙarfi ba a ja zoben ba, haƙorin makullin ne zai cinye. Yawancinsu baƙin ƙarfe ne mai saurin kama kaifi da saurin tsatsa. In an yanka lemun tsami, albasa ko goro, a goge nan take kafin a rufe, don laimar da ta shige ƙota ba ta fita da kanta.

Ɗan Kurmi: To, Baba Maƙeri, Okapi babba ita ma aska ce?

Maƙeri: A'a, ɗana. Wadda za ta yanka kaza ko ta feɗe akuya wuƙa ce, ko da tana naɗewa. Aska sai ƙarama, mai siririn baki, ta fiƙa da kankara da yankan farce.

Ɗan Wanzam: Tunda an ambaci farce: wadda ta taɓa jini ba a ara wa wani. Goge ta da tsumma ko tsoma ta a ruwan ɗumi ba ya kashe ƙwayar ciwon hanta. A wanke da sabulu a buɗe, a tafasa minti 20, a shanya ta bushe sarai. Mai ƙotar itace kuwa tafasa na kumbura ta, gara kowa ya riƙe tasa.